Idon Lois na Dama

A asibitin mishan da ke ƙasar Madawa, in an ce "an kai wa Madam Lois," to magana ta ƙare. Ita ce ke zaune a labo, ɗan ɗakin bincike da ke bayan ɗakin magani, gaban wani tsohon mikiroskop mai ido ɗaya wanda fentinsa ya koɗe daidai inda yatsunta ke kamawa. Akan shafa kakin mai tari a kan ɗan gilashin da suke kira lam, a rina shi, ita kuma ta sunkuya ta nemi ƙwayoyin tarin fuka, 'yan jajayen sanduna a cikin shuɗin fili. In ta ce akwai, a fara magani. In ta ce babu, mutum ya naɗe tabarmarsa ya kama hanyar gida yana godiya, ko Bangi, ko Tabotaki, ko can Ibohamane bayan duwatsu.

Duk wannan da ido ɗaya take yinsa. Na hagu ƙyanda ta taɓa shi tun tana goye, ya yi hakiya; yana nuna mata hanya da ƙofa, amma ba ya karatu. Akwai sabon mikiroskop mai ido biyu a ɗakin, ta bar wa Iliyasu, abokin aikinta, magidanci mai 'ya'ya uku wanda ita ta koya wa aikin. Ta ce me za ta yi da ƙofa biyu alhali baƙo ɗaya gare ta.

Mijinta Toma shi ne mai gyara a atiliye, wato ɗakin gyare-gyaren asibitin. Hannunsa na da albarka, wannan kowa ya shaida, amma Allah ya haɗa masa da karambani. Ba ya yarda abu ya mutu sai ya buɗe cikinsa ya ga abin da ya kashe shi. Kuma da jikinsa yake awo: pil, wato batir, ya ɗora a harshe, waya ya taɓa da bayan yatsa, mota ya kara kunne. Ido ne kawai ya fara ba shi kunya da shekaru suka ja, shi kuwa ya rantse ba zai sa tabarau ba, wai na fasto ne da 'yan fansho. Saboda haka duk wani ɗan mitsitsin abu da ya gagare shi, sai ya ƙunso shi a aljihu ya kawo gida lokacin hutun rana.

A bazarar shekarar casa'in da tara, gurup ɗin asibiti, injin da ke ba su wutar lantarki, ya yi wata irin zabura ya ƙone kayan wuta da dama. A ciki har da wata na'ura ta lokotoro, baturen likitan da ke kula da masu tari, wadda ke haɗe da odinatarsa, wato kwamfutarsa, tana rubutu a kan faifan sede. An zuba ta cikin tarkacen da ake kai wa Toma. Toma ya taɓa jin cewa da haske take ƙona faifan, wani haske da ake kira lazer. Ya kuma san lazer, ko dai yana jin ya sani: lokotoro na da wani ɗan ƙarami a jikin makullansa wanda yake nuna rubutu da shi a bango in yana koyarwa, ɗigo ja wur, kowa na gani har daga bayan ɗaki. Sai Toma ya yi lissafinsa. In ɗan wasan yara na haska haka, to wanda ke ƙona faifai ai sai ya haska gari. Ya tone na'urar ya ciro ƙwayar lazer ɗin, ba ta kai ƙwayar masara ba, da ɗan gilashinta a gaba. Ya haɗa mata pil da wani maɓallin tsohuwar rediyo na ƙara wuta da ragewa. Ya nuna bango, bai ga komai ba. Ya nuna tafin hannunsa, babu.

Lois na ƙarƙashin rumfa tana tsince shinkafa ya zo ya zauna kusa da ita a benci.

"Maman Ladidi, aro mani idonki."

"Kullum aro, ba a maidowa da ko ɓarin goro," ta ce, tana goge hannu a zane. "Mi na na kuma yau?"

"Duba cikin wanga ɗan gilashi. Shina ci, ko ya mutu?"

Da wani ne, da ya leƙa ya ɗauke kai. Amma Lois ta fi shekara ashirin tana horar da idon nan kada ya ƙifta, kada ya kauce, ya tsaya a kan abu har sai abin ya faɗi sunansa. Ta rufe na hagu kamar yadda ta saba, ta kare rana da tafin hannu, ta kafa na dama, har numfashi ta riƙe.

"Akwai wani ɗan ja can ciki, awa garwashin da yak kwana."

"Ɗan ja ɗai? Ashe ba shi da ƙarhi."

"Bai hito da kyau ba. Dakata." Yatsunta suka kama ɗan gilashin suna murzawa a hankali, kamar yadda suke murza mikiroskop har hoto ya daidaita.

"In ƙara mashi wuta?"

"Ƙara kaɗan."

Abin da su duka biyun ba su sani ba shi ne, hasken irin wannan ƙwaya ba na ganin ɗan Adam ba ne. Ɗan jan da ake hangowa gefensa ne kawai. Sauran yana nan da dukkan ƙarfinsa, yana shiga ido ba tare da ido ya ji ya rufe ba. Ba ta ji zafi ba. Wani ɗan walƙiya ta gani, irin na kwano in rana ta doke shi, sannan jan ya ɓace.

"Ya ɗauke," ta ce, ta miƙa masa. "Kai shi makabarta."

Toma ya yi tsaki ya aje abin a benci ba tare da ya cire wayar ba, bakinsa na fuskantar baƙar ledar da ya ƙunso pil a ciki. Ba a jima ba suka ji ƙaurin roba. Wani siririn hayaƙi na tashi daga ledar, ga ɗan rami kamar an soka allura.

"Shina da rai!" Toma ya yi tsalle kamar yaro. "Kin gani? Shina huda leda! Ni dai na san..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi ramin, ya dubi matarsa, sai ta ga jini ya bar fuskarsa.

"Lois. Idonki."

Rabon da ya kira ta da sunanta tsirara tun kafin a haifi Ladidi, wadda yanzu har ta yi aure. Lois ta ƙifta. Akwai wani ɗan dishi a tsakiyar ganinta, kamar ƙuda ya sauka a kan hancin Toma.

"Lahiya lau," ta ce. "Tashi ka wanke hannu, abinci na hucewa."

Ranar Toma ya farfasa ƙwayar da guduma ya jefa a masai. Kowace safiya sai ya tambaye ta idon, kowace safiya ta ce lafiya, har ran da ta daka masa tsawa ta ce ya ƙyale ta ta sha kununta. Ya ƙyale ta, don yana son ya yarda.

Ta ɗauka zai wuce, kamar na wanda ya kalli rana. Bai wuce ba. Ranar Lahadi a majami'a ta buɗe littafin waƙoƙi, duk kalmar da ta duba sai ta ɓace, na gefenta su tsaya. Ta rera da ka, ba wanda ya lura. A labo kuwa, tsakiyar shuɗin filin nan ya zama toka-toka, girman ƙwayar wake. Ta koyi dabara: ta riƙa kallon gefe tana satar ganin tsakiya, kamar mai kallon suruki. Aikin da take gamawa kafin shayi ya huce ya koma cin rabin safiya, kanta na sara. Wani lokaci takan kama jajayen sandunan, in suna da yawa. Sai ta ce wa ranta, ka gani, ina iyawa.

Ta gaya wa kanta don Toma take ɓoyewa, kuma da gaskiya a ciki. Mutumin nan in ya san hannunsa ne ya yi, ba zai sake riƙe sukurdireba da daɗin rai ba. Amma ba don Toma kaɗai ba ne, kuma gara a faɗa. Lois na son kujerar nan. Tana son yadda lokotoro da kansa ba ya ja da ita, da yadda tsofaffi ke rage murya in sun wuce tagarta. Yarinyar da aka taɓa yi wa waƙar mai ido ɗaya a bakin rijiya ta zama wadda ƙasa guda ke jiran ganinta, ba ta shirya sauka ba. Haka makonni suka shige tana rubuta akwai, tana rubuta babu.

Gizagizai sun fara haɗuwa ta gabas ran da aka kawo Cima daga Tabotaki. Mijinta Almu ne ya kawo ta, manomi, hankalinsa rabi a kanta rabi a sama, don in ruwan fari ya sauka ba ya gida, shuka ta wuce shi. Lois ta ga matar da safe lokacin da ta kawo ɗan gwangwanin kakinta: ƙasusuwan wuya a waje, zane na zamewa daga ƙugu, idanu na ƙyalli. Ta ga irin wannan jiki ba adadi. Amma ta bi lam ɗin daga wannan gefe zuwa wancan, ta sake bi, ba ta ga komai ba sai shuɗi da ƙwayar wakenta.

Ta ɗauki biro. Ta taga tana hango su a gindin bedi, Almu har ya fara ɗaure ƙullin kayansu, Cima ta jingina da itacen tana riƙe da ƙirji. Lois ta daɗe da biron a hannu. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba a ɗakin nan. Ta aje biron, ta zare lam ɗin, ta taka zuwa ɗaya teburin.

"Iliyasu, duba mani wanga."

Ya ɗago kai yana murmushi. Tun da yake, shi ke kai mata, ba ta taɓa kawo masa ba.

"Gwada ni za ki yi, Madam? Bayan shekaru dut wa'anga?"

"Duba dai."

Ya sunkuya. Ba ta san ko minti nawa ne ba. Tana jin kukan wani jariri daga ɗakin awo.

"Akwai," ya ce. "Ba su da yawa, amma ga su nan. Ga biyu ma sun jeru."

"Sa mani su tsakiya."

Ya sa. Ta kafa idon dama a ɗaya ƙofar, ta ga toka. Ta kautar da ganinta gefe, sai ga su can a bakin gani, ja, sirara, kwance kusa da juna. Ta juyo ta dube su, suka ɓace.

"Madam?" Murmushin ya bar fuskar Iliyasu. "Lahiya?"

"Tahi ka ce ma Almu shi kwance kayanai. Matatai za ta kwana nan."

Da ya fita ta zauna a kujerarsa. Ba Cima take tunani ba, Cima ta tsira. Sauran take tunani, duk waɗanda ta ce wa babu tun ranar rumfa. Lam ɗinsu an riga an zubar. Babu inda za a sake dubawa sai a ƙirjinsu, ƙirjin kuwa sun watse cikin ƙauyuka da kalmarta a bakinsu.

Toma ta fara gaya wa, don bai kamata ya ji a bakin wani ba. Ta same shi a atiliye ya cusa kai cikin wani firji. Ta tsaya a ƙofa ta rufe idon hagu da tafin hannu.

"Baban Ladidi, juyo."

Ya juyo.

"Ina ganin kahwaɗunka, ina ganin hulakka. Huskarka ce babu. Tun ran nan."

Ya zauna a ƙasa cikin baƙin mai, ya ɗora hannuwa a ka, hawaye na zuba. Ta taɓa ganin kukansa sau ɗaya, ran da suka binne ɗansu na biyu, amma wancan da sauti ne. Ta bar shi ya yi, sannan ta ce ya tashi, ba yau ce ranar wannan ba, akwai aiki.

Lokotoro ya haska idon da fitilarsa ya daɗe yana dubawa. Ya ce tabo ne a daidai inda gani ya fi kaifi, ba magani, ba aiki, ko a ƙasarsu. Ya ce ƙwayar nan ta ninka ɗan lazer na makullansa ƙarfi sau da yawan gaske, kuma laifinsa ne da ya zuba ta cikin tarkace bai ce uffan ba. Bai yi mata faɗan ɓoyewa ba. Sannan ya ce za a ba direbobin kasuwa saƙo, duk wanda aka sallama a 'yan makonnin nan ya dawo a sake awo.

"Ba su zuwa," Lois ta ce. "Ga ruwa bisa kai, wa za ya bar gonatai don saƙon direba? Cewa za su yi ai Madam ta riga ta duba. Bakina yac ce babu, bakina za ya tahi shi maido ta."

Toma ne ya ɗauke ta a moto, wato babur ɗinsa. Suka fara da Bangi, ranar kasuwa, don a can mutanenta suka fi yawa. An yi ɗan yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi, mutane sun fito gonaki da sungumi suna duban gabas. Duk tsawon hanya, in sun zo rami sai ya rage gudu fiye da kima, kamar ya ɗauko ƙwai. Ita kuwa tana riƙe da jakar gwangwanayen kaki tana maimaita abin da za ta faɗa, kowane karo yana fitowa daban.

Gidan farko na Manzo ne, wani dattijo da ya zo asibiti kwanaki kaɗan bayan abin ya faru, da tari da zufa. Sun same shi a ƙofar gida kan tabarma, ya kwantar da jaririya a ƙirjinsa yana jijjiga ta. Da ya gane wadda ta sauko daga moto, fuskarsa ta washe.

"La ilaha illallahu! Madam da kanta? Kaltuma! Hito ki ga baƙuwar da Allah yak kawo muna! Kawo hura, a kama zakaran nan!"

Matarsa Kaltuma ta fito da ƙwarya, maƙwabta suka fara matsowa. Aka shimfiɗa wa Lois tabarma, aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da damina.

"Kun gan ta nan," Manzo ya ce wa maƙwabtan. "Ita ta maido ni cikin mutane. Da tarin ga yat taso, ni da kaina nik koma bukkar gona, ƙwaryata daban, kada in shahwa ma ɗiya. Wata biyu ban ɗauki jikata ba. Wagga baiwar Allah ta duba, tac ce babu. Ran nan nik komo gida. Yanzu kwano guda muke ci, wagga 'yar kuwa ba ta barci sai bisa ƙirjina."

Dariya ta kawo masa tarin. Ya juya kai kaɗan, ya yi shi mai tsawo, mai zurfi, jaririyar na tashi tana sauka a kan ƙirjin. Ya goge baki da hannun riga ya ce sanyin damina ne.

Toma ya matso. "Baba, ni ad da laihi. Ni na..."

Lois ta ɗora hannu a gwiwarsa, ya yi shiru. Ta sauka daga tabarmar da aka shimfiɗa mata ta durƙusa a ƙasa gaban dattijon. Ba ta kalli gefe ba, ta dube shi sosai, inda ba ta ganinsa.

"Baba, ran da niy yi maka awo idona ba shi da lahiya, kuma na sani, ban hwaɗi ba. Ban san ko akwai ba, ban san ko babu ba. Ka gahwarce ni. Na zaka in sake ɗaukar kakinka, wani shi duba." Ta nuna jaririyar. "Amma tukuna, miƙa ma Inna 'yag ga."

Ana jin zakaran da yara ke kora a bayan danga. Manzo ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sunkuyar da kai ya dubi jaririyar, ta kama gemunsa da hannu ɗaya tana barci. Ya ɓamɓare 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali don kada ta farka, ya kautar da fuskarsa, ya miƙa ta.